Hular Kwanon Ɗan Jiratawa

Ranar da Tsahara ta haɗu da Idirisa, hularsa ce ta fara ɗaukar mata hankali, ba fuskarsa ba.

A daminar shekarar rigimar tazarce ne. 'Yan ƙwadago sun kira yajin aiki, kafin hantsi an fara ƙona tayoyi a mararrabar Maraɗi, masu motocin haya kowa ya ɓoye tasa. Tsahara ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya da ke unguwar Zariya a Maraɗi, kullum daga Tsibiri take zuwa. Da sassafe ta samu mota ta shigo, ta tarar da ƙofar makaranta a garƙame, ta juyo ta rasa abin da zai mayar da ita gida. Tana tsaye bakin kwalta, hadari yana haɗuwa ta gabas, sai ga wani ɗan kabu-kabu ya taka birki a gabanta.

Hular roba ce a kansa, irin ta magina, rawaya, ta tsage ta gefe, ya ɗaure ta a haɓa da igiyar rama.

"Ina zuwa, malama?" in ji shi.

"Tsibiri. Amma tukuna, mi ne ne wanga bisa kanka?"

"Kaske ne mana."

"Wanga ko ƙwai ba ya karewa, balle kan mutum."

Ya yi murmushi, haƙoransa farare, da 'yar wushirya. "Yana kare ni daga polis. Su dai su ga wani abu bisa kai, shi ke nan."

Ta so ta ɓata rai, dariya ta ƙwace mata. Ta gyara hijabi ta hau.

Kafin su kai Tsibiri ta san rabin labarinsa, don Idirisa ba ya iya tuƙi bakinsa a rufe. Ɗan Jiratawa ne, mahaifinsa ya rasu, shi kaɗai ne namiji wurin mahaifiyarsa Tasalla. Suna da lambun zogale a fadama. Da asuba yake kawo zogale kasuwar Maraɗi, sauran yinin ya yi kabu-kabu. Da ta sauka ya nemi lambar salularta, wai ko gobe ma za a rasa mota. Washegari motoci suka cika tasha har suna rigimar fasinja, amma Tsahara ta bi ta gabansu kamar ba ta gan su ba, ta tsaya inda ta tsaya jiya.

Daga nan saƙonni suka fara zirga-zirga tsakanin Jiratawa da Tsibiri.

"Likitata, yau na ɗauki fasinja har Sabon Gari na manta ban karɓi kuɗi ba. Wace cuta ce wannan?"

"Ɗan Jiratawa, ba mu kai wannan darasin ba tukuna. Ka sha ruwa ka kwanta."

"Na sha. Ta ƙaru."

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Tsahara a rai, hular nan ta roba. A lokacin an tura su aikin gwaji a ɗakin da ake kawo masu haɗari, kuma abin da ta gani a can ya hana ta cin nama har tsawon wani lokaci. Samari ne tsaran Idirisa, jikinsu lafiya lau, kai ne kawai ya bugu, iyayensu mata zaune a ƙasa suna kiran sunayen da babu mai amsawa. Duk wanda aka shigo da shi, sai gabanta ya faɗi kafin ta duba fuskar.

Wata Asabar ta tasa shi gaba har shagon wani dattijo, Maman Lawali, mai kayan babur a Sabon Gari. Dattijon ya sauko da hulunan kwano daga saman kanta yana kaɗe musu ƙura, don ba kasafai ake tambayarsu ba. Idirisa ya yi wuf ya ɗauki wata ja mai walƙiya, gwanjo ce daga ƙasar waje, ya ɗora yana leƙa kansa a madubin babur.

Tsahara ta karɓa ta kifa ta, ta danna soson ciki da yatsa, ta nuna masa wani siririn tsagi kusa da kunne. "Wagga ta riga ta yi aikinta, ta ceci kan wani. Sau guda kaske ke shan bugu, daga nan sai ado."

Ta biyu ta yi masa yawa. Ta ce ya girgiza kai, hular ta juya har ta rufe masa ido ɗaya, Maman Lawali ya yi dariya har da tari. Ta uku baƙa ce, mai rufe haɓa, da gilashi a gaba. Da ƙyar ta shiga.

"Ta matse mini kumatu," in ji Idirisa, muryarsa tana fitowa kamar daga cikin randa.

"Haka ake so, ta kama ba tare da ciwo ba. Ɗaure maɗaurin. Sa yatsa tsakaninsa da haɓarka. In ya fi yatsa shiga, ka ƙara ja."

Ya yi yadda ta ce. Ta dube shi, ba abin da take gani sai idanunsa ta cikin gilashi, sai ta ji ƙwalla ta taho mata ba shiri.

"Idirisa, ka yi mini alkawari. In dai moto na tahiya, tana bisa kanka, a ɗaure. Ko nan da bakin ƙofa ne."

Ya ɗaga gilashin. Wannan karon bai yi wasa ba. "Na yi alkawari, Likitata."

Ya kuwa riƙe. Abokan aikinsa suka sa masa suna ɗan sama jannati, zafin Maraɗi ya dafa masa kai, bai fasa ba. Ita ma ya samo mata tata mai buɗaɗɗiyar fuska, tana ɗorawa a kan hijabi, matan Tsibiri suna leƙe ta katanga suna ƙunshe dariya.

To, a bakin layin su Tsahara akwai wata bishiyar dogon yaro, a nan mahaifinta Malam Gado yake zama da dattawan unguwa bayan la'asar. Manomin gero ne, mutum mai kaifi ɗaya, wanda gaisuwa ta fi masa kyauta daraja. Idirisa kuwa kunyar surukai ta yi masa katutu. In ya kawo Tsahara, sai ya rage gudu daidai bishiyar, ya sunkuyar da kai, ya yi sallama a cikin hular inda babu mai ji sai shi, ya wuce ya sauke ta a kwanar gaba. A ganinsa ladabi yake zubawa. Su kuwa dattawa abin da suke gani shi ne baƙar tukunya tana wuce su kullum ba ko sannu.

Kakar shekarar ba ta yi kyau ba, rumbuna ba su cika ba. A daidai lokacin Abubakar Sadik ya fito neman Tsahara. Ɗan wani babban mai sayar da hatsi ne a unguwar Zariya, yana da mota, kuma ba shi da wani aibu da za a nuna. Tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya.

Wata safiya Malam Gado ya tsaya tsakar gida yana yi wa mahaifiyar Tsahara magana da ƙarfi, yadda mai ɗaki za ta ji.

"Ki hwaɗa ma ɗiyarki, wancan mai kan tukunya ya ishe ni. Kullum shi wuce mu kamar jandarma, ba sallama ba huska. A wanga zamani da 'yan bangar siyasa ke ruhe huska su yi ɓarna, ni in ɗauki ɗiya in ba wanda ban san kamanninshi ba? Ko a hanya na gamu da shi ban shaida shi."

Tsahara ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Mahaifiyarta ta yi ta bin malam da lallashi, yau da fura gobe da magana mai taushi, har ya sauko ya ce yaron ya zo gaisuwa ranar Juma'a bayan la'asar, ya gan shi da idonsa.

Ranar Alhamis da yamma Tsahara ta zauna bakin gado da salula a hannu. Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa. Ta san abin da ta sani, ta ga abin da ta gani a asibiti. Amma tsoron rasa Idirisa ya fi ƙarfin iliminta, kuma wa zai ce ɗan guntun wuri irin wannan zai zama wani abu? Ta tura.

"Ɗan Jiratawa, Baba ya yarda ka zo gobe bayan la'asar. Don Allah kar ya hango ka da kaske, ko daga nesa. In ka iso bakin gari ka tsaya ka cire, ka sa hula. Wurin ba nisa, ka taho a hankali."

Amsa ta zo nan da nan. "Alkawarin fa, Likitata?"

"Ni na ɗora maka shi, ni na sauke. Na gobe kaɗai."

"To. Gobe Baba zai ga fuskata har ya gaji. Ki yi mini addu'a kar bakina ya yi rawa."

Juma'a ta yi. Tsahara ta share tsakar gida, ta dama fura da nono mai kyau, ta saka turare. Aka yi la'asar, dattawa suka hallara gindin bishiya. Rana ta fara sanyi, babu Idirisa. Ta leƙa ta zaure ta ga fuskar mahaifinta tana ƙara ɗaurewa. Tana shirin kiran waya ke nan sai ta ji hayaniya daga wajen kasuwa, mutane suna gudu can, wata maƙwabciya ta shigo tana salati tana cewa wani ɗan kabu-kabu ne ya faɗi.

Ba ta san ta fita babu takalmi ba.

A kwanar kasuwa, inda yashi yake taruwa a kan kwalta, wani sa mai jan amalanke ne ya firgita ya yanko hanya. Idirisa ba gudu yake ba, kowa ya shaida haka. Ya kauce, taya ta zame, kansa ya daki bakin kwalbati. Yana kwance cikin sabuwar shaddarsa fara, hularsa ta ɗinki ta faɗi gefe cikin yashi. A bayan babur kuwa ga hular kwanon nan ɗaure da roba a kan ƙunshin zogalen da ya kawo wa surukai.

Tsahara ta durƙusa ta tallafe masa wuya yadda aka koya mata, ta hana a ɗaga shi da garaje, hannuwanta suna aiki bakinta yana kiran sunansa. Aka samu mota aka nufi Maraɗi da shi.

Ya daɗe bai farfaɗo ba. A cikin kwanakin ne sojoji suka karɓe mulki a Yamai, mutane suka yi cincirindo kan rediyo har a farfajiyar asibiti, wasu na murna wasu na zullumi. Tsahara ba ta ji ko ɗaya ba. Tana tsaye jikin bango tana kallon mahaifiyarsa Tasalla, 'yar ƙaramar mace mai busassun hannuwa, zaune a ƙasa da carbi tana kiran sunan ɗanta a hankali.

Allah ya yi da sauran kwanansa. Ya buɗe ido, amma ba yadda ya rufe ba. Ɓarin jikinsa na hagu ya yi nauyi, fatar ido ɗaya ta sauko, tabo ya taso daga goshi har kunne. Abin da ya fi ciwo shi ne bakin nan da ba ya gajiya. Magana tana nan a ransa sarai, sai ta zo fita ta maƙale, ya yi ta fama har gumi ya karyo masa. Da Tsahara ta matso kusa da gadon sai ya rufe ido. Aka sallame shi, aka tafi da shi Jiratawa.

Ta yi ta tura saƙo, shiru. Sai bayan makonni wayarta ta yi ƙara.

"Tsahara, ki yafe mini. Wanda ya nemi aurenki ba shi ne ya tashi daga gadon nan ba. Bakina ba ya bina, ƙafata ba ta bina. Ki auri mai lafiya. Ban riƙe ki da komai ba."

Ta karanta har ta haddace. Ba sakin da ya yi mata ne ya fi ƙona ta ba, sunanta ne da ya kira tsurarsa, karo na farko tun da suka saba.

"Ni ban sake ka ba," ta rubuta. "Ko da ido kaɗai za ka riƙa yi mini magana, zan koya."

Babu amsa.

Bazara ta shigo da yunwa. Mutanen ƙauyuka suka fara kwararowa Maraɗi da ƙullin kayansu. Tukunyar gidan Malam Gado da hatsin Abubakar Sadik take tafasa, kuma kowa a gidan ya san haka, ko da ba a faɗa ba. Malam ya ce da an yi shuka za a tsayar da maganar aurensa da Tsahara. Game da Idirisa abin da ya ce kawai shi ne Allah ya ba shi lafiya, haɗari ƙaddara ce. Bai san dalilin da ya sa yaron ya zo da kai a buɗe ba, Tsahara kuwa ba ta gaya wa kowa ba. Maganar ta zauna mata a ƙirji tana cin ta, har zannuwanta suka fara yi mata yawa.

Wata Lahadi ta ce za ta je Maraɗi, ta zarce Jiratawa.

Ta tarar da Tasalla a tsakar gida tana zage ganyen zogale. Matar ta amsa sallama, ta shimfiɗa mata tabarma, sannan ta shiga ɗaki ta fito da hular kwanon ta ajiye a tsakaninsu. Baƙa wuluk, tana sheƙi, ko ƙwarzane babu.

"Ɗiyata, ke kin yi karatun likita, ki warware mini wani abu," in ji Tasalla. "Yaron ga ko shago za shi, sai ya ɗaure abin ga kahin shi tada moto. Har dariya nike mishi. To ga shi lahiya lau, kan ɗana ne ya hwashe. Na tambaye shi, ya juya ma bango huska. Mi ya sa rannan ya cire?"

Da Tsahara ta ce ba ta sani ba, da maganar ta mutu a nan, don Idirisa ba zai taɓa faɗa ba. Ta kuma san in ta faɗi gaskiya, wannan gida zai iya rufe mata ƙofa har abada. Ta dubi labulen ɗakin da yake ciki, ta dubi hannuwan matar.

"Ni ce, Inna. Ni na ce shi cire."

Ta faɗi komai, da maganar mahaifinta, da saƙon, da yadda ya tuna mata alkawari ita ta sauke masa. Tasalla ba ta katse ta ba. Da ta gama, matar ta mayar da idonta kan ganyen da ke cikin faifai.

"Tashi ki tahi gida tun da rana," ta ce a hankali. "Ban zage ki ba. Amma yanzu ban iya kallonki."

Tsahara ta miƙe. Tana kaiwa zaure ta ji wani sauti daga bayan labule, muryar namiji tana ƙoƙarin haɗa kalma tana kasawa. Ta toshe baki da mayafi ta fita.

Da ta isa Tsibiri ba ta bi ta wurin mahaifiyarta ba. Ta sami Malam Gado a ƙofar turakarsa yana gyaran ƙotar hauya, ta durƙusa a gabansa, abin da ba ta taɓa yi ba a kan maganar aure.

"Baba, ba raini ya sa yake ruhe huska ba. Ni na zaɓa mishi kasken, ni na sa shi alkawarin ba shi cirewa. Kullum yana gaishe ku a ciki, ba ku ji ne. Rannan ya cire don ka gan shi, ni na roƙe shi." Ta ɗago kai ta dube shi. "In ka ba ni Abubakar Sadik zan tahi, ba ni saɓa maka. Amma na ga bai kamata ka yanke ba ka sani ba."

Malam Gado ya ajiye hauyar ya shiga ɗaki. Tuwon da aka kai masa haka aka ɗauke shi. Washegari bai fita gindin bishiya ba, jibi ma haka, har dattawa suka aiko tambayar ko lafiya.

Sai wata safiya ya fito cikin rigarsa ta zuwa Juma'a, ya tsaya bakin ɗakin Tsahara.

"Ɗauko mayahinki."

Mahaifiyarta ta riƙe baki da ta ji inda za su. Uban mace ya taka zuwa gidan saurayi tun ba a zo tambaya ba, wannan ba a taɓa ji ba a danginsu. Malam bai tsaya sauraron kowa ba. Suka shiga motar Maraɗi, daga can suka shiga ta Jiratawa.

Tasalla ta yi mamaki har ta rasa inda za ta sa tabarma. Ya ƙi zama.

"Ɗiyata ta hwaɗa miki ita ce," in ji shi. "Ba ita ba ce, ni ne. Ita tsorona ta ji. Na zauna gindin icce ina jiran a girmama ni, ban taɓa aikawa a kira mini yaro in ji ta bakinshi ba. Ban zo in ce ki yahe ba, wanga naki ne. Na zo ki bar ni in gan shi."

Tasalla ta juya ta ɗaga labulen.

Tsahara ta tsaya daga bakin ƙofa. Idirisa yana zaune a kan katifa, ya rame, sanda jingine kusa da shi. Da ya gane wanda ya shigo sai ya fara kiciniyar sauka ya durƙusa, ƙafar hagu ta ƙi, ya tafi zai kifa. Malam Gado ya tare shi da hannu biyu ya mayar da shi, shi kuma ya zauna a ƙasa, a kan daɓen siminti, yadda sai ya ɗaga kai zai dube shi.

Ya dube shi da kyau, da tabon, da idon da ya sauko, da bakin da ya karkace. Idirisa ya yi ƙoƙarin kawar da kai.

"A'a, bar ni in gani," in ji dattijon. Hawaye suka gangaro masa cikin gemu, bai share ba. "Ashe haka kake, yaro mai kyau. Na makara."

"Ba... Ba..." Idirisa ya kasa ƙarasawa.

"Na ji, ɗana. Na amsa, har da na baya duka. Na ba ka Tsahara. Na san ka ce ta auri mai lahiya. To ni ban saba bada abu a maido mini ba, ita kuma ga ta nan, dube ta, tun da ka kwanta ba ta san daɗin abinci ba."

Idirisa ya dubi ƙofa. Tsahara ba ta sunkuyar da kai ba, ta bar shi ya ga yadda ta koma. Ya rufe fuska da hannunsa mai lafiya, kafaɗunsa suna rawa.

Can sai Tsahara ta ji an taɓa ta. Tasalla ce da kwanon ruwa. "Sha, ɗiyata, kin sha hanya. Kin hwaɗi gaskiya inda ƙarya ta hi sauƙi. Zuciyata ba ta gama hucewa ba, amma za ta huce."

Malam Gado da kansa ya je ya ba Abubakar Sadik haƙuri. Saurayin ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, hatsin da ya kawo kuma don Allah ya kawo.

Damina ta yi albarka a shekarar. Idirisa ya fara takawa da sanda har lambu, ya sayar da babur ya sayi injin ban ruwa. Tsahara ta gama makaranta. Bayan an yi girbi aka ɗaura aure a Tsibiri, ba kiɗa mai yawa, goro da dabino da addu'a. Da za a fita da amarya Malam Gado ya dafa kanta ya ce Allah ya yi mata albarka, ya sa gidanta ya zama wurin hutawar mijinta, daga nan ya juya ya shige turaka.

Da wuri aka kai ta Jiratawa, ana gama sallar magariba. Ta zauna bakin gado lulluɓe, ƙawayenta kewaye da ita. Ango ya shigo da abokansa 'yan kabu-kabu don sayen baki, inda amarya ba ta cewa komai sai an lallashe ta da kyauta da daɗin magana. Babban abokin ya gyara murya zai fara zuba, don sun shirya su yi masa maganar duka. Idirisa ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

Ya jingine sanda, ya zauna a gabanta. Ɗakin ya yi tsit. Ya buɗe baki, kalmar ta maƙale. Ya sake gwadawa, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Wata ƙawa ta zunguri Tsahara a hankali, wai ta taimake shi ta yi magana hakanan. Tsahara ba ta motsa ba. Hawaye suna ɗiga a kan lallen hannunta, amma ta yi shirunta irin na kowace amarya, ta jira mijinta.

"Tsa... ha... ra," ya ce. Ya numfasa. "Kin... zo."

Ta ɗaga mayafin da kanta.

"Na zo, mai gidana. Ka yi a hankali, ba inda za ni."

Daga tsakar gida muryar Tasalla ta taso. "Allah shi yi muku albarka. Allah shi ba ku haƙuri da juna, shi tsare gabanku da bayanku."

Duk ɗakin aka ce amin. Ta Idirisa ce ta zo daga ƙarshe, bayan ta kowa, kuma babu wanda ya tashi sai da ya ƙarasa ta.